Jan Kirtanin Saura-Kaɗan

Duk wanda ya taɓa kai yara babban filin wasan nan na bayan gari ya ga Saura-Kaɗan, ko da bai san haka ake kiransa ba. Shi ne gajeren dattijon da ke tsaye a ƙofar Guguwa, da ɗan tumbinsa a gaba, da ƙaramin almakashi rataye a wuya. Guguwa kuwa ita ce jirgin nan marar hankali da ke hawa dogo har ya kusa gaisawa da gajimare, ya ɗan tsaya kamar mai tunanin abin da ya manta a gida, sannan ya sulalo da mutane, ya kifa su, ya miƙar da su, ya sake kifa su, ya dawo da su inda ya ɗebe su kowa na laluben muryarsa. Kuma da ƙafarsa mutum yake zuwa, har ya bi layi, don a yi masa haka.

Aikin Saura-Kaɗan awo ne. Akwai allo a kafe a bakin ƙofa, da jan layi a jikinsa. Yaron da kansa ya kai layin ya shige. Wanda bai kai ba, ƙarfen da ke danne mutum a kujera ba zai kama shi yadda ya kamata ba, sai haƙuri. Daga nesa ka ce aikin da ko turmi aka ajiye zai iya ne. To, matso kusa ka gwada gaya wa yaron da ya kwana yana mafarkin Guguwa cewa bai kai ba, uwarsa na gefe tana auna ka da ido, ubansa na cewa, "Haba Baba, ai gashinsa ya taɓa."

"Ya taɓa," Saura-Kaɗan zai ce. "In gashin ne zai hau, a aske a ba ni, na sa shi a kujerar gaba."

Babu dabarar da bai gani ba. Ya ga kwali a cikin safa. Ya ga takalmin yaya da aka cusa wa tsumma. Ya ga yarinyar da aka tara wa gashi a tsakiyar kai kamar kashin albasa a kasuwa. Ya ga masu ɗaga dunduniya sannu-sannu, suna kallon sama kamar ba su san abin da ƙafarsu ke aikatawa ba. Duk maganinsu ɗaya ne: wani ɗan faffaɗan katako da yake ɗorawa a ka, ya danna a hankali, ya kai shi jikin allo. Katakon nan bai san ɗan kowa ba.

Asalinsa tela ne. Har yau uwargidansa Tela take ce masa, musamman in ya ɓata mata rai. Ya yi shekaru a wani ɗan shago kusa da tasha, yana auna kafaɗu da ƙugu, yana sauraron ƙaryar da mutane ke yi wa cikinsu, wai a rage ƙugun don ramewa suke yi. Wata rana ya wayi gari ramin allura ya fara ɓuya masa. Ya sayi tabarau, ramin ya dawo, sai kuma bayansa ya ce shi kam ya gama da keken ɗinki. Wani tsohon kwastomansa da ke aiki a filin wasan ya ce ana neman mai tsayuwa a ƙofa. Ya je da niyyar ya ɗan taɓa kafin bayan ya huce. Yau shekara ashirin da ɗoriya. Kullum shi ke riga kowa zuwa, ya goge allonsa, ya ciro tsohon tef ɗinsa na ɗinki ya tabbatar layi na nan inda ya bar shi jiya, kamar akwai wanda ke zuwa ya matsar da shi.

A makonsa na farko aka kawo wani yaro da bai kai ba. Yaron bai yi ihu ba, bai yi birgima ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Tsayawa kawai ya yi hawaye na zuba, yana tambaya, "Saura nawa?" Aka ce masa kaɗan. Ya ce, "Kaɗan kamar yaya?" Tela ya sa hannu a aljihu, ya ji ragowar jan kirtanin da yake bin bakin riga da shi. Ya ciro, ya auna daga katakon da ke kan yaron zuwa jan layi, ya datse, ya miƙa masa.

"Ungo. Wannan ne kawai tsakaninka da Guguwa. Saura kaɗan. Tafi da shi gida, ranar da ka cike shi ka dawo min da kayana."

Yaron ya duba guntun kirtanin nan da bai kai tsawon yatsa ba, ya share hanci, ya damƙe shi. Da shekara ta zagayo ya dawo da shi a cikin kwalin ashana. Daga nan abin ya zama hali, sunan kuma ya bi mai shi. Yanzu akwai wata babbar kwalba a gindin allon, ta kusa cika da guntayen jan kirtani da masu su suka mayar. Wasu sun yi baƙi don daɗewa a hannun jakar makaranta, wani har da shatin haƙori. Akwai ma wanda ya ƙi mayarwa. Ya zo da gemunsa, da ɗansa a kafaɗa, ya buɗe walat ya nuna wa Saura-Kaɗan nasa, ya mayar ya rufe.

Shagon tsaraba na filin yana daura da ƙofarsa, cike da huluna, da kofuna masu hoton Guguwa, da 'yan tsana masu gashi da suka fi wasu yaran girma. Mai shagon, wata mata da ke iya faɗa da dariya a lokaci guda, kullum sai ta yi masa ƙorafi: "Kai kana can kana raba tsaraba kyauta, ni ina nan ƙuda na yi min ciniki." Shi kuwa yana da nasa karatun a kan yara. Ƙanana, in ji shi, ba su da wahala, balan-balan da alawar auduga an gama. Manya kuma a bar su da wayarsu. Masu wahalar su ne na tsakiya, 'yan sha ɗaya, sha biyu, waɗanda dawakin katako masu juyawa suka yi musu kaɗan, Guguwa kuma ta yi musu yawa. Ka saya wa irin wannan 'yar tsana, ya ce ka raina shi. Ka riƙe masa hannu, ya fizge. In ya ga iyaye sun rasa yadda za su yi, yakan ja uban gefe.

"Ba shi taswirar filin ka ce shi ne jagora, ko ɓatar da ku ya yi ku bi shi. Ba shi wayarka ya ɗauki fuskarka a motocin karo. Kar ka zaɓa masa tsaraba. Bar shi ya zagaya shagon har ya gaji, ya ɗauko abin da ya fi komai muni, ka ce ya yi kyau. Irin waɗannan ba kaya suke so ba, so suke a sa su aiki."

Shawara kam yana da ita buhu-buhu. Abu ɗaya ne ba shi da shi, kuma duk ma'aikatan filin sun sani: Saura-Kaɗan bai taɓa hawa Guguwa ba. Ranar da ya kama aiki aka ce masa sabon ma'aikaci yakan ɗana. Ya ɗaga kai ya dubi dogon nan, ya ce yanzu ya ci abinci. Washegari ma yanzu ya ci abinci. Har yau, ko da sassafe ka tare shi, yanzu ya ci abinci. Mai kunna injin, wani dogon mutum da ake ce wa Direba duk da ko keke bai iya ba, yakan leƙo daga ɗakinsa na gilashi ya ce, "Baba, abincin nan bai narke ba har yanzu?"

"Ni ba na cin abinci mai saurin narkewa."

Ɗan Saura-Kaɗan na fari yana zaune a wani gari mai nisa, aikinsa sa tayil a gidajen mutane. Shi da ke shimfiɗa wa duniya tayil, falonsa siminti ne tsirara, sai bana da matarsa ta rantse ba za ta ƙara share shi ba ya samu sukunin gyarawa. Shi ne uban Barkono. Kakan ne ya sa mata wannan suna tun tana rarrafe, don ƙarama ce, ga yaji. Tana 'yar shekara shida aka fara kawo ta hutu filin wasan. Ta tsaya a jikin allo, aka yanka mata kirtanin da za a iya ɗaure akuya da shi. Ta karɓa ta duba, sannan ta dubi kakan.

"Kaka, kai ka kai?"

"Na kai mana."

"To me ya sa ba ka hawa?"

"Ke nake jira," in ji shi, don bakinsa ya riga hankalinsa fita. "Ranar da kika kai, ni da ke, kujerar gaba."

Ya faɗa ne yana kallon tsawon kirtanin nan, yana ganin kafin ta cike shi ko dai ya yi ritaya ko Guguwa ta yi tsatsa. Abin da bai sa a ransa ba, Barkono ba ta mantuwa. Da ya kai musu ziyara sai da ta sa shi ya ciro tef, ya auna daga ƙasa, ya ja mata layi da jan fenti a bangon falo kusa da ƙofar kicin, daidai da na filin. Tun daga ranar bangon nan bai huta ba. Ta auna da safe, ta auna in ta dawo makaranta. Ta sha madarar da ba ta ƙauna. Ta yi lilo a ƙarfen shanya har ya lanƙwashe. Duk hutu sai an kawo ta, ta mayar da tsohon kirtani a yanka mata sabo. Kirtani na gajarcewa, kakan na ƙara satar kallon Guguwa.

Bana, ana dab da hutu, waya ta yi ƙara suna cikin cin abincin rana. Kafin ya buɗe baki ihu ya cika masa kunne.

"Kaka! Na kai! Na kai layi, har na ɗan wuce! Mama ta ɗora littafi a kaina ta gani, Baba ma ya gani!"

Ya ce madalla, ya ce kai, wannan abin farin ciki ne. Ya ajiye waya, ya ajiye cokali.

"Tela, ci abincinka mana," in ji uwargida tana danne dariya. "Ko tun yanzu ka fara rage ciki saboda ranar?"

Washegari ya tafi asibiti, wai a duba masa jini, yana fatan za a ce masa kul, kada ya kusanci abin da ke kifa mutane. Likita ta auna nan, ta saurara can, ta ce, "Baba, zuciyarka ta fi ta wasu samarin. Ba abin da zai hana ka." Ya ce ta ƙara dubawa. Ta ce ta duba. Ya fito yana mita, wai likitocin yanzu ba sa tsayawa su binciki mutum da kyau.

Ranar ta zo. Suka iso filin gaba ɗayansu, Barkono a gaba, sai babanta da mamanta, sai uwargida, wadda ta daɗe ba ta tako wurin ba amma ta ce yau ko da rarrafe ne sai ta zo. Barkono ta riga ta gaya wa duk 'yan ajinsu. Ta ce ba ta son hula, ba ta son kofi. Abu ɗaya take so ta koma gida da shi: hoton nan da na'ura ke ɗauka a daidai gangaren farko, ita da Kaka a kujerar gaba. Har ta buga ƙusa a bangon ɗakinta.

Labari ya riga su zagaya filin. Direba ya goge gilashinsa tas. Mai shago ta bar shagonta a buɗe ta fito. Barkono ta jefa tsohon kirtaninta a kwalba, ta juya ta jingina da allo, ta miƙe kamar soja. Saura-Kaɗan ya ɗauki katakonsa. Ya ɗora, ya danna a hankali, ya kai jikin allo.

Jan layi na sama, katako na ƙasa, tsakaninsu kaurin yatsa guda.

Ya ce ta haɗa dunduniya ta miƙe wuya. Ya goge tabarau ya sake. Yatsan nan na nan bai je ko'ina ba.

A nan ne ya yi abin da ya ɓata komai, kuma ba da gangan ba. Numfashin da ya yi kwanaki yana riƙe da shi ne ya kuɓuce masa, wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauka. Barkono kuwa tana ƙarƙashin hancinsa. Ta ji, ta kuma gani.

"Ba zai yiwu ba," in ji mamanta. "Baba, da idona na gani. Muna can gidan ƙanwata aka yi aikin falo, ranar da muka koma muka auna ta. Har na ce lallai yara dare ɗaya suke miƙewa."

Uwargida ce ta fara juyawa ta dubi ɗanta.

"Kai. Da ka sa tayil ɗin nan, ƙasan falon ta tashi ko ba ta tashi ba?"

Ya sosa ƙeya. "Ta ɗan tashi, Inna. Da siminti da tayil, kamar yatsa biyu. Har sai da na rage gindin ƙofofi."

"Ka tuna da ƙofofi. Layin fa?"

"Layin yana nan inda Baba ya ja shi."

"To ai shi ke nan. Ka ɗora 'yarka a kan tayil ka ce ta yi tsawo. Da a kan tebur ka ɗora ta, da tuni ta wuce ku duka."

Direba ya shige ɗakinsa don ya yi dariyarsa a ɓoye. Ɗan ya matso ya rage murya.

"Baba, yatsa ɗaya ne fa. Jikarka ce."

"Don jikata ce ɗin," in ji Saura-Kaɗan. Hannunsa ya riga ya tafi aljihu da kansa. Ya auna, ya datse, ya miƙa mata ɗan guntun da bai fi gaɓar ƙaramin yatsa ba. "Saura kaɗan, Barkono."

Ba ta karɓa ba. Duk shekarun nan ba a taɓa samun yaron da ya ƙi karɓa ba. Ba ta yi kuka ba, idanun ne kawai suka kaɗa.

"Na san ban kai ba. Ba shi ne ya dame ni ba." Ta dube shi ido cikin ido. "Daɗi ka ji, Kaka. Na gan ka. Dama ba ka taɓa niyyar hawa da ni ba, jira kake in manta."

Ta juya ta tafi can bakin tafkin kwale-kwale, ta zauna a benci, ta ba Guguwa baya.

Ya ci gaba da aiki, don layi ba ya jiran mai ɓacin rai. Yana auna 'ya'yan mutane, ido ɗaya na kan bencin. Ya ga babanta ya kai mata taswira, ta karɓa ta zauna a kai. Ya ga mamanta ta miƙa mata waya, ta girgiza kai. Mai shago da kanta ta kai mata hula kyauta, abin da ba ta taɓa yi wa ɗan kowa ba, hular ta dawo. Duk shawarwarin da yake rabawa buhu-buhu aka gwada su a gabansa, ba wadda ta ci.

Uwargida ta zo ta tsaya kusa da shi, tana fifita da gefen mayafi.

"Tela, ba hawan ne damuwarta ba."

"Na sani."

"Tun ba ta gama canja haƙora ba take shan madara saboda maganarka. In ta koma gida a haka, ta daina duba bangon nan. Kai ma in ka yi waya sai dai a ce maka tana barci."

"Na ce na sani."

"To. Ni dai shaida ce, tun safe ko shayi ba ka sha ba."

Ya dube ta, ta dubi sama. Guguwa ta wuce ta kansu da ihun mutane. Ya kira abokin aikinsa ya riƙe masa ƙofa, ya ɗauki katakonsa, ya taka har bakin tafki.

"Tashi, aiki zan sa ki."

Ba ta ɗago ba.

"Akwai wani tsoho da zai hau Guguwa, kuma doka ta ce ba a shiga sai an auna. Ni kuma hannuna ba ya kai tsakiyar kansa da kyau."

Ta ɗago a hankali. Ya cire almakashin daga wuyansa ya rataya mata.

Aka kawo mata kujera ta hau. Ya miƙa wa uwargida tabarau, ya jingina da allon da ya yi shekara da shekaru yana jingina 'ya'yan mutane. Barkono ta ɗora masa katako ta danna, ba kuma a hankali ba.

"Cire hula."

Ya cire.

"Kaka, gwiwa kake lanƙwashewa. Miƙe."

Jama'a suka kwashe da dariya, don gaskiya ne. Duk dabarun da ya sani na ƙara tsawo ne, na ragewa yau ya fara koyo, kuma bai iya ba.

"Ka kai," in ji ta, "har ka yi rara. Wuce."

Direba da kansa ya fito ya zaunar da shi a kujerar gaba ya danne masa ƙarfe. "Baba, yau abinci ya narke?"

"Je ka kunna abinka tun ban tuna wata ƙaryar ba." Wani saurayi ya zo zai zauna a gefensa, ya ce a'a, a bar wannan, tana da mai ita.

Jirgi ya fara hawa, ƙas, ƙas, ƙas, kamar tsohon keken ɗinkinsa in ya sha mai. Ya buɗe ido ɗaya. Ashe haka filin yake daga sama. Ga rufin shagon tsaraba cike da hulunan da iska ta ƙwace wa mutane. Ga tafki kamar faranti. Ga ƙofarsa can ƙasa, allonsa kamar tsinken ashana, a gefensa wata 'yar ɗigo tsaye a kan kujera da wani abu na ƙyalli a ƙirjinta. Har ya fara cewa a ransa ai abin ba shi da wani... sai duniya ta zame daga ƙarƙashinsa.

Abin da ya faɗa a gangaren nan, har yau ba a daidaita a kai ba. Na kujerar baya sun ce addu'a ce. Wata mata ta ce sunan uwargida yake kira yana neman ta yafe masa. Direba kuwa ya rantse da kunnensa ya ji yana cewa a sauke shi, yanzu ya ci abinci.

Aka ɗage masa ƙarfe ya sauko. Kafin ya lallaɓo zuwa rumfar mai hoto, Barkono na can ta riga shi, ta kama ciki tana dariya har da durƙusawa. Mai hoto ta juyo masa da hoton. Baki a wangale har ana ganin turamen haƙora, ido a rintse, kumatu sun koma wajen kunne. Hannu ɗaya ya ƙanƙame ƙarfe. Ɗaya hannun kuwa ya miƙa shi ya gitta kujerar gefe, wadda ba kowa a kai, ya danne ta tam.

Barkono ta daina dariya. Ta matso da fuskarta.

"Kaka, me kake riƙewa a nan?"

Ya karɓi tabarau ya duba. Shi ma bai san ya yi ba.

"Kujerar ce. Na ga kamar ba a ɗaure ta da kyau ba."

Ta ɗan jima tana kallon hoton. Sannan ta miƙa masa tafin hannu ba tare da ta dube shi ba.

"Kirtanina."

Ya laluba aljihu ya ciro. Mai shago ta kawo firam na saka hoto kala-kala, Barkono ta zaɓi wanda ya fi duka muni, wani kore mai taurari, kowa ya ce ya yi kyau. Kafin a rufe gilashin ta sa ɗan guntun jan kirtanin a kan kujerar da ba kowa, daidai ƙarƙashin hannun kakan.

"Amma wannan hawan ba shi ne na alkawari ba," in ji ta. "Tare ka ce."

"Barkono, ki ji tsoron Allah."

"Tare ka ce, Kaka."

Sauran yinin ta koma benci ta ɗauko taswirar da ta zauna a kai, ta ja su gaba, ta ɓatar da su har bayan ɗakin janareta. A motocin karo ta ƙyale kowa ta bi babanta tana dukan motarsa ta baya, uwargida na gefe tana cewa ta ƙara masa, shi ya ja.

Da suka koma gida, mai tayil ya goge tsohon layi ya ja sabo, wannan karon ya auna daga kan tayil, matarsa na tsaye a kansa. Hoto ya hau ƙusarsa. Direba kuma ya sa mai hoto ta wanko wani babba ya manna a gilashin ɗakinsa, inda duk mai bin layi zai gani. Yara kan dubi hoton, su dubi mai katako, su ce, "Baba, kai ne wancan?"

"Ƙanina ne," yakan ce. "Matsoraci ne tun yana yaro. Haɗa dunduniya."

Kwanan baya Saura-Kaɗan ya kira surukarsa, maman Barkono, a waya. Suka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi tayil. Sannan ya gyara murya ya ce ya ji ana cewa yawan madara na kumbura wa yara ciki, a riƙa sassauta wa yarinyar nan.

Daga can cikin falo wata murya ta taso, "Ina jin ka, Kaka! Yau kofi biyu na sha!"